Kwamfutar Yako ba ta buƙatar famfo

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, duk mai neman abincinsa da kwamfutar tebur a kudancin Kano ya san wata cuta da ba a rubuta sunanta a takardar ciniki. Na'ura za ta tashi lafiya da safe tana gudu kamar doki. Da zarar rana ta take, sai fanka ta fara kuka, hoto ya riƙa cijewa, aikin minti 20 ya koma na awa guda, wani lokaci ma allo ya ɗauke gaba ɗaya. Mai shago sai ya zargi bairos, ko wutar janareta, ko yaron da ya taɓa ta jiya. Galibi babu mai laifi a cikinsu. Zafi ne ya cika furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ita kuwa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Maganin da ake yayi a yanzu, wanda wasu dillalai ke miƙa wa duk wanda suka ga alamar kuɗi a hannunsa, shi ne masanyayin ruwa: ɗan famfo da ake ɗorawa a kan furosesa, da tiyo biyu, da lagireto mai fanka biyu ko uku, ga fitilu masu sauya launi kamar zauren biki. Yana da kyan gani a bayan gilashi, kuma kalmar ruwa kaɗai ta isa ta kwantar da hankalin mutumin da ya taso a ƙasar zafi. Amma ga mai tace bidiyon aure da na wa'azi a Yako, da mai zanen fosta a Kwanar Dangora, da mai haɗa sauti a Tudun Wada, da ma'aikacin da ke tattara alƙaluma a sakatariyar Bebeji ko ta Doguwa, wannan shawara ce mai tsada wadda aka yanke a ɗakin da bai yi kama da nasu ba. Abin da ya dace da su shi ne babban masanyayin iska: hasumiyar ƙarfe mai bututun jan ƙarfe da manyan fankoki, wadda ba ta da famfo, ba ta yoyo, kuma duk abin da zai iya lalacewa a jikinta ana iya canza shi da hannu cikin minti biyar.

Inda zafin yake fitowa, da inda yake zuwa

Kusan duk wutar da furosesa ta sha, zafi take komawa. Intel Core i5-12400, wadda ta wadatar da yawancin ayyukan ofis da na zane, an rubuta mata wat 65, tana kuma iya kaiwa wat 117 idan aiki ya yi nauyi. Core i9-14900K an rubuta mata wat 125, amma tana hawa har 253. Ryzen 9 7950X ta kamfanin AMD an rubuta mata 170, tana kaiwa 230. Wanda ya tuna tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda ba ya taɓuwa da hannu bayan ya ɗan jima a kunne, ya ƙiyasta zafin guda huɗu an tara shi a kan ɗan ƙarfen da faɗinsa bai wuce na akwatin ashana ba. Aikin masanyayi shi ne ya kwashe wannan zafi da sauri kafin ya kai iyakar da aka gindaya: digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ga waccan ta Intel, digiri 95 ga ta AMD. Da an taɓa iyakar, na'ura za ta rage gudu, kuma gudun da aka biya kuɗinsa ya tafi a banza.

Hasumiyar iska tana yin wannan aiki ne da bututun jan ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa, aka zuba ɗan ruwa kaɗan, aka toshe shi har abada. Da yake babu matsin iska a ciki, ruwan yana zama tururi tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya haura zuwa inda siraran ganyayen alminiyon suke jere, fanka ta hura musu iska, ya huce ya koma ruwa, ya gangaro ta jikin bututun ya sake ɗaukar wani zafin. Hikimar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita ce ke sanyaya ruwan randa, kuma da ita Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Bambancin kawai shi ne randa tana sakin tururinta ya bi iska, shi ya sa take iya fin ɗaki sanyi. Bututun kwamfuta kuwa a rufe yake, ɗaukar zafi kawai yake yi daga nan ya kai can.

To, masanyayin ruwa fa? Famfo yana tura ruwa ta kan furosesa, ruwan ya ɗauki zafi ya kai lagireto, fankoki su hura wa lagireton iskar ɗaki. A ƙarshe iskar ɗakin ce dai ke karɓar zafin. Babu ƙanƙara a ciki, babu iskar gas irin ta firji. Ke nan dukansu biyu da iska suke sanyaya na'ura, kuma dukansu biyu akwai ruwa a cikinsu. Ɗaya ne kawai ya ƙara famfo da tiyo a tsakani. Duk dillalin da ya ce wa mai saye na ruwa "ba ruwansa da zafin gari", ko dai bai san kayan da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani.

Lissafin da ɗan talla ba ya yi

Masu gwada kayan kwamfuta a YouTube, waɗanda matasan Kano ke kallo kafin su sayi komai, suna yin gwajinsu ne a ɗakuna masu sanyi, galibi kusa da digiri 21 zuwa 23. Masu gaskiyar cikinsu suna faɗin tazarar da ke tsakanin zafin furosesa da zafin ɗaki, domin wannan tazara ita ce ainihin ma'aunin ƙarfin masanyayi. Mai kallo kuwa lambar ƙarshe yake riƙewa. A ɗauki misali: an gwada wani masanyayi a ɗaki mai digiri 22, furosesa ta tsaya a 78. Tazarar 56 ke nan. A kai wannan na'ura shago mai rufin kwano marar silin a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa a Kano kan haura digiri 40, sai a tarar da ita wajen 96. Abin da ya ci jarrabawa a Jamus ya faɗi a Kiru, alhali ba a canza ko noti ɗaya ba.

Wannan lissafi ya hau kan kowane irin masanyayi, kuma shi ne dalilin da ya sa kalmar babba take da muhimmanci. 'Yar fankar da ke zuwa kyauta cikin kwalin furosesa, irin Wraith Stealth ta AMD ko Laminar RM1 ta Intel, an yi ta ne daidai wa daida don ɗaki mai sanyi. Ba ta da rarar da za ta shanye ƙarin digiri 18. Hasumiya mai bututu shida da fanka biyu tana da wannan rara. A kan furosesa mai matsakaicin ci, za ta bar tazara mai faɗi tsakanin zafin aiki da iyakar rage gudu, kuma za ta yi haka da fankoki masu juyawa a hankali, ba tare da ihun da ke hana mai haɗa sauti jin abin da yake haɗawa ba.

Akwai kuma gaskiya ta biyu da ake tsallakewa: masanyayi ba ya kashe zafi, fitar da shi yake yi zuwa ɗaki. Furosesa mai wat 250 da katin hoto mai ci kamarta, a ɗan shagon da ƙofarsa ɗaya, murhu ne aka kunna a tsakar bazara. Wanda zai ce a sa na'urar sanyaya ɗaki ya fara duba aljihun mai shagon. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, awa guda ta janareta ta zama abin lissafi. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, ga waɗanda ma suke samun wutar ke nan. A watan Oktoba na wannan shekara, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda. Wanda ya koma sola da batir kuwa ya fi kowa sanin darajar kowane wat. Saboda haka zaɓen masanyayi yana farawa ne daga zaɓen furosesa. Wanda ya sayi mai matsakaicin ci, ko ya shiga saitin BIOS ya ƙayyade wa babbar iyakar wutar da za ta sha (AMD ma ta tanadi tsarin da ke sauko da mai wat 170 zuwa 105 ko 65), ya rage zafi mai yawa da asarar gudu kaɗan, kuma ya kawar da hujja mafi ƙarfi da masu tallar ruwa suke da ita.

Ranar da abu ya lalace

Kayan aiki ba a ranar da aka buɗe kwalinsa ake gane shi ba. Ana gane shi ne ranar da ya tsaya, amarya na jiran bidiyonta, ko ɗan takara na jiran fostarsa.

A jikin hasumiyar iska, abu ɗaya ne ke motsi: fanka. Idan ta mutu, tarin ƙarfen nan mai nauyi zai ci gaba da shan zafi, sauran fankokin akwatin na ɗan taimaka masa. Na'ura za ta rage gudu amma ta ba mutum damar adana aikinsa. Idan fanka biyu ce, ɗayar ta riƙe gida. Kuma fanka mai milimita 120 ita ce ruwan dare a duniyar kwamfuta: ana samunta a titin Beirut a Kano, ana cire ta daga tsohon akwatin da ya mutu, ana maƙala ta da 'yar wayar ƙarfen da ta zo da ita, in ta ɓata a ɗaure da roba.

Idan famfo ya mutu, labarin daban ne. Ruwa ya daina zagayawa, ɗan ƙarfen da ke kan furosesa ba shi da jikin da zai riƙe zafi, sai ma'auni ya haura iyaka cikin ɗan lokaci, na'ura ta kashe kanta. An rufe kayan ne daga masana'anta, ba a yi shi don a kwance a gyara ba. Ko famfo bai mutu ba, ruwan cikin yana raguwa sannu a hankali ta jikin tiyo, kuma zafin yanayi yana ƙara saurin wannan raguwa. Yawancinsu sun haɗa jan ƙarfe da alminiyon a hanyar ruwa ɗaya, ƙarafa biyu da ke cin juna in maganin da aka zuba a ruwan ya tsufa. Dattin da ya taru sai ya toshe siraran hanyoyin da ke kan furosesa. Wannan ba ƙiren ƙarya ba ne na masu ƙin sabon abu. A shekarar 2022 kamfanin MSI ya sanar da shirin canza wa mutane MAG CoreLiquid 240R da 360R saboda taruwar datti a ciki, kuma a shekarar ce kamfanin Arctic ya rarraba kayan gyara ga masu wani rukuni na Liquid Freezer II saboda robar da ke lalacewa a jikinsa. Kamfanonin sun yi abin da ya kamata. Tambayar ita ce: mutum nawa ne daga Kiru ko Doguwa suka ji sanarwar, balle su aika kayansu ƙetare su jira a dawo musu da sabo?

A nan ne maganar garanti take rushewa. Takardar da ta ce shekara biyar ko shida tana da ma'ana ga wanda ke da rasit daga dillalin da kamfani ya amince da shi, da gidan waya mai kaiwa da kawowa, da wata na'urar da zai yi aiki da ita kafin a dawo masa da tasa. Ga wanda kayansa ya biyo ta hannu uku daga Guangzhou ko Dubai zuwa Ikeja zuwa Kano, garantinsa shi ne alherin mai shagon da ya sayar masa.

Mutanen yankin nan sun riga sun yanke irin wannan hukunci a wani fagen. Babur ɗin Boxer da ke ɗaukar buhun masara da fasinja biyu a hanyoyin ƙauyukan Tudun Wada, injinsa iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. Ƙananan injinan ban-ruwa da manoman rani ke jan ruwa da su a gefen madatsar Tiga, su ma haka suke. Ba don babu injina masu sanyaya da ruwa da suka fi su ƙarfi ba ne. Manomi da ɗan acaɓa sun zaɓi abin da bakaniken bakin titi zai iya kwancewa ya ɗaure kafin la'asar. Abin mamaki shi ne mai digiri, da ya zo sayen kwamfuta, sai ya manta da hankalin da ɗan acaɓa bai manta da shi ba.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙurar da ke shiga ko'ina, har cikin akwatin da aka kulle. Lokacin casar masara da shinkafa ga ƙaiƙayi, shagon bakin hanya kuma ga ƙurar manyan motoci duk shekara. Ƙura tana yi wa ƙarfe bargo, ta kuma toshe hanyar iska. Ba ta ƙyale kowane masanyayi, sai dai ɓarnarta ba ɗaya ba ce. Ganyayen lagireto galibi sun fi matsuwa da juna, don haka sun fi saurin toshewa, kuma ƙurar takan taru ne tsakanin fanka da lagireto, inda ido ba ya gani sai an kwance notuna. Ganyayen hasumiya sun fi tazara, suna fili da zarar an buɗe murfin akwati; a zare fanka, a hura da bulowa, an gama.

Tsaftar ma tana da ƙa'ida. A kashe na'ura a zare waya, a fita da ita waje, a riƙe fanka da yatsa kada iskar bulowa ta juya ta fiye da ƙima. A lokacin hunturu a yi haka duk wata. A ɗaga akwati daga ƙasa zuwa kan tebur, domin ƙasan ɗaki ne matattarar ƙura. A tabbata fankokin da ke shigar da iska ta gaba, ta bayan raga mai tacewa, sun fi masu fitarwa ƙarfi kaɗan, don kada akwatin ya riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. Wanda kuma ke da zaɓi tsakanin ɗakin ƙasa mai kaurin bango da ɗakin bulo mai kwano tsirara, ya sani cewa tsohon ginin ya ba shi sanyin da babu kamfanin da zai sayar masa.

Inda masu ruwa suke da gaskiya

Adalci ya wajaba. Lagireto mai milimita 360 yana da faɗin da ya fi na kowace hasumiya, kuma a kan furosesa mai cin wat 250 da aka sake wa linzami, yakan fi mafi kyawun masanyayin iska da 'yan digirori. Wanda ke da situdiyo a birni, da wuta tsayayya, da na'urar sanyaya ɗaki, da kuɗin sayen wani in wannan ya mutu, ba a ce ya yi kuskure ba. Haka kuma farashi ya daina zama katanga, domin yanzu akwai masu ruwa masu araha. Sai dai arahar famfo ba abin murna ba ce ga wanda abincinsa ya rataya a kan famfon.

Nauyi ma matsala ce ta gaske. Noctua NH-D15 da fankokinta ta haura kilo 1.3, kuma tana rataye ne a jikin babban allon da masu gyara ke kira madabod. A kan tebur babu damuwa, domin akwai ƙarfen da ke tallafe ta ta baya. Amma wanda zai ɗora akwati a bayan babur ya bi hanyar burji, ko ya sa shi a but ɗin mota ya ratsa dajin Falgore, lalle ya kwantar da shi ta yadda hasumiyar za ta tsaya a kan allon, ko ma ya cire ta gaba ɗaya har ya isa.

Sannan ba kowace kwamfuta ke buƙatar hasumiya ba, ba kowacce ke karɓarta ba. Ƙananan Dell OptiPlex da HP na tokumbo da suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu suna da nasu tsarin ɗauri, akwatinsu kuma siriri ne. Abin da suke buƙata shi ne a share musu ƙura, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a shafa sabo. Sayar wa mai irin wannan na'ura babban masanyayi, kowane iri ne, zalunci ne.

Yadda ake zaɓe

Na farko, a auna. Kowane akwati yana da iyakar tsayin masanyayin da zai ɗauka, kuma milimita biyu sun isa su hana murfi rufuwa. NH-D15, wadda kamfanin Noctua na Ostiriya ya fitar a 2014, tsayinta milimita 165 ne. Magajiyarta ta 2024, NH-D15 G2, ta kai 168. Dark Rock Pro 4 ta kamfanin be quiet! na Jamus tana kusa da 163, DeepCool AK620 tana da 160, Thermalright Peerless Assassin 120 SE kuma 155. Da yawa daga akwatunan araha ba su kai nan ba.

Na biyu, a duba tsayin RAM. Fankar gaba ta hasumiya mai gida biyu tana zama ne a saman sandunan RAM. A jikin NH-D15, misali, milimita 32 ta bari a ƙarƙashinta, 64 in an cire ta. Sandunan da aka yi wa dogon kambu mai fitila sukan tokare ta, wani dalilin ke nan na guje wa ƙyale-ƙyale.

Na uku, mazaunin furosesa. AM4 da AM5 na AMD galibi suna karɓar kayan ɗauri iri ɗaya, haka LGA1700 da LGA1851 na Intel. Amma tsohon LGA1200 daban yake da su. A buɗe kwali a gaban mai shago a ƙirga ƙarafan ɗauri da notuna, musamman in kayan na hannu ne. Hasumiya ba ta tsufa: wadda aka saya yau za ta iya bin mai ita zuwa na'ura ta biyu da ta uku, muddin an sami kayan ɗaurin sabon mazauni.

Na huɗu, kada a ruɗu da lambar wat da aka buga a kwali. Babu ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi, kowa da yadda yake gwada nasa, har Noctua ta ƙi buga irin wannan lamba ta ƙirƙiro nata ma'aunin. Abin lura shi ne yawan bututu, da faɗin ganyaye, da girman fanka. Ga furosesa mai wat 65, hasumiya ɗaya mai bututu huɗu irin Cooler Master Hyper 212 za ta yi; ga abin da ya haura haka a ɗaki mai zafi, a nemi mai gida biyu da bututu shida.

Na biyar, tsada ba ita ce inganci ba. NH-D15 G2 ta fito a kan dala 150, Peerless Assassin kuwa an daɗe ana sayar da ita ƙasa da dala 40 a Amurka, kuma tazarar aikinsu ba ta kai ko kusa da tazarar farashinsu ba. Tun da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, wannan bambanci ya kai kuɗin ƙarin RAM ko na UPS, waɗanda suka fi amfani ga mai shago. Sai dai a yi hattara da jabu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsoma gindin masanyayi a ruwan zafi, a riƙe kan bututun, na gaske zai ɗumama yatsa nan take.

Na ƙarshe, ɗauri. A ɓare ledar da ke manne a gindin ƙarfen, domin mantawa da ita kuskure ne da ya sha kama ƙwararru. A ɗiga man kamar ƙwayar wake, a ɗaure notuna bi da bi kaɗan-kaɗan har su zauna, a juya fanka ta yadda za ta hura daga gaban akwati zuwa baya. Bayan nan a ba na'ura aiki mai nauyi da tsakar rana, a duba ma'auninta. Gwajin da aka yi da asuba ba shaida ba ne.

Takardar kwangila

Asarar mai shago ta tsaya a aljihunsa. Wadda ta fi ciwo ita ce ta kuɗin jama'a. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, samar da ɗakin kwamfuta ya shiga jerin alkawuran kowane mai neman ƙuri'a, kuma mazaɓun Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, suna da 'ya'ya masu buƙatarsa kamar kowa. Amma takardar sayen kaya da aka saba rubutawa a ma'aikatu takan ambaci sunan furosesa, da yawan RAM, da girman allo, ta yi shiru game da yadda za a sanyaya su. Ɗan kwangila kuwa inda aka yi shiru nan yake cin ribarsa. Ko dai ya kawo babbar furosesa da 'yar fankar da ba ta isa ba, ko ya kawo mai fitilu da tiyo don ranar yanke ƙyalle ta yi armashi a hoto. Bayan bazara biyu sai a rufe ɗakin, a ce na'urorin sun lalace, alhali zafi da ƙura ne suka durƙusar da su.

Jami'in da ke rubuta irin wannan takarda yana iya rufe ƙofar da layi huɗu: a faɗi iyakar wutar da furosesa za ta sha, a wajabta masanyayin iska mai fankar da ake samu a kasuwa, a sa sharaɗin gwajin awa guda da rana, a cikin ɗakin da za a yi aikin, kafin a biya kuɗi, a haɗa da bulowa ɗaya, da fankoki na ajiya, da sunan wanda zai riƙa sharewa. Duka wannan bai kai kuɗin rumfa da kujerun bikin buɗewa ba.

Mai saye na kansa kuwa, kafin ya ƙirga kuɗi, tambaya ɗaya ta ishe shi ya yi wa dillali: in wannan ya tsaya ranar Laraba a Yako, wa zai tayar da shi kafin Juma'a, kuma da me? In amsar ita ce a dawo da shi Kano a jira, to ya ajiye, ya nemi hasumiya, ya auna akwatinsa, ya sayi fanka ɗaya ta ajiya ya jefa a durowa.